Kaza ta kwanta a kan ƙwai 17, guda 6 suka fito: ina matsalar take?

Tambayar ta fito ne daga wata baiwar Allah da ke kiwon kajin Hausa guda 9 da zakara ɗaya a bayan gida. Ta ce ɗaya daga cikin kajin ta yi kwanci a kan ƙwai 17, amma guda 6 kaɗai suka ƙyanƙyashe, uwar ta tashi da 'ya'yanta ta bar sauran. Da aka fasa su, wasu dungu ne, wasu kuma akwai ɗan tsako a ciki wanda ya mutu bai ƙarasa ba. Yanzu wata kazar ta fara nuna alamun kwanci, shi ne take neman shawarar yadda za ta yi a wannan karon, kuma tana so ta san ko za ta iya sa mata ƙwan zabi.

Malama, da wuya a ce laifin kazar ne. Kazar Hausa ta san aikinta, kuma wajen daidaita zafi da juya ƙwai ba ta buƙatar kowa ya koya mata. Abin da bayaninki ya nuna shi ne ƙwayayen sun yi mata yawa, wasunsu sun tsufa kafin ta hau kansu, kuma ba rana ɗaya aka fara kwancinsu ba, domin a gidan da kaji 9 ke yawo tare, kusan tabbas ne sauran suna shiga sheƙarta suna ƙara mata ƙwai duk lokacin da ta fita cin abinci. Waɗannan abubuwa duka a hannunki suke, kuma gyaransu ba ya buƙatar kuɗi.

Kafin komai, ki tabbatar kwancin na gaske ne. Kazar da ta shiga kwanci takan daina saka ƙwai, saboda wani sinadari da ake kira furolaktin ya yawaita a jikinta, wanda shi ne ke tsayar da saka ƙwai ya kuma zaunar da ita a sheƙa. Za ki ga ta baje a wurin dare da rana, idan kika kai hannu ta tayar da gashi ta yi gurnani ko ta kai miki sara, kuma idan kika duba ƙirjinta za ki tarar gashin wurin ya ragu, ta yadda fatarta za ta riƙa taɓa ƙwan kai tsaye. Alamar da ta fi kowace ƙarfi ita ce kwana a sheƙa maimakon hawa inda ta saba kwana da 'yan'uwanta. Ki bar ta kwana 2 ko 3 a kan wasu ƙwai biyu da ba ki damu da su ba, ko da dafaffu ne, idan ta zauna daram sannan ki ba ta na gaske. Idan kina da zaɓi, ki fifita wadda ta taɓa ƙyanƙyasa ta kuma rene 'ya'yanta a kan sagarar da wannan ne kwancinta na farko, domin sagara takan gaji ta tashi a tsakiyar aiki. Kajin gona masu saka ƙwai, irin su Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta samar, an zaɓe su ne don yawan ƙwai, saboda haka ba safai suke kwanci ba, kuma ba a dogara da su a wannan aiki. Wannan ne ya sa nake jin takaici idan na ga an sayar da tsohuwar kazar Hausa mai iya kwanci don kawai ƙwanta ya ragu, alhali ita ce ke riƙe da garken.

Zakara ɗaya ga kaji 9 ya isa, muddin lafiyayye ne kuma bai tsufa ba, domin abin da aka saba shi ne zakara ɗaya ga kaji 8 zuwa 10. Kaza tana iya ajiye maniyyin zakara a jikinta har kusan mako 2, saboda haka ba sai ya bi ta kullum ba. Ƙwan kiret da ake sayarwa a kasuwa daga gonakin da babu zakara kuwa ba zai taɓa ƙyanƙyashewa ba, komai daɗewar kwancin. Ki zaɓi ƙwai matsakaici mai siffar da aka saba, mai ɓawo lafiyayye ba tsagewa, ki bar wanda ya cika girma domin sau da yawa gwaiduwa biyu gare shi, da wanda ya cika ƙanƙanta, da wanda kashi ya ɓata. Kada ki wanke ƙwan da za a yi kwancinsa. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da ɗan tsako ke shaƙar iska ta cikinsu, kuma kaza tana saka shi ne da wani siririn rufi da ke tare ƙwayoyin cuta, idan aka wanke rufin ya tafi, ruwan ma da kansa yana iya tura ƙazanta ciki. Idan datti kaɗan ne, a kankare shi da busasshen ƙyalle. Maganar da ake yi cewa dogon ƙwai zakara yake bayarwa, kewayayye kuma kaza, ba ta da tushe, kada ki zubar da ƙwai mai kyau saboda ita.

Ajiyar ƙwai kafin kwanci ita ce inda aka fi yin asara a ƙasarmu, kuma ita ce aka fi rainawa. Al'adarmu ita ce a bar kaza ta riƙa saka ƙwai a sheƙa har ta gama ta kwanta da kanta. To kazar Hausa takan saka 10 zuwa 15 kafin ta yi kwanci, kuma ba kullum take sakawa ba, saboda haka ranar da za ta zauna, ƙwan farko ya yi mako 2 ko fiye yana ajiye. Ƙarfin ƙyanƙyashewar ƙwai yana fara raguwa bayan kwana 7, kuma bayan kwana 10 zuwa 14 raguwar takan yi tsanani. Zafi kuma yana ƙara dagula lamarin. Ƙwan da ke jiran kwanci ya fi son wuri mai sanyin digiri 12 zuwa 18 a ma'aunin Selsiyus, kuma da zarar zafin wurin ya kai wajen digiri 25 ya haura, ƙwayar halittar da ke kan gwaiduwa takan fara girma kaɗan-kaɗan ba bisa ƙa'ida ba, ta yi rauni, ta mutu tun kafin uwar ta hau ko kuma 'yan kwanaki bayan ta hau. Duk wanda ya san bazara a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, daga Maris zuwa Mayu, ya san zafin rana yakan kai digiri 40, kuma ɗaki mai rufin kwano ba ya yin nisa da hakan. Ƙwan da ya yi kwana 12 a irin wannan ɗaki shi ne yake zama dungu, sai a ɗora laifin a kan zakara.

Kina da mafita mai sauƙi tunda kajinki 9 ne. Kaza ba ta bambanta ƙwanta da na wata, saboda haka ba sai kin jira nata ba. Ki riƙa tsince ƙwan duk kajin kullum, sau biyu idan ana zafi, ki rubuta kwanan wata a jikin kowanne da fensir, cikin 'yan kwanaki za ki tara sababbi 10 daga kajin da kika fi so ki yaɗa irinsu. Ki ajiye su a tukunyar ƙasa da aka girka a kan jiƙaƙƙen yashi, a lungun da ya fi sanyi a gidan, kusa da randa idan akwai, ki shimfiɗa busasshen ƙaiƙayi a cikin tukunyar don kada danshi ya taɓa ƙwan kansa. Kan ƙwan mai tsini ya kalli ƙasa, mai faɗin ya kalli sama, domin a can ne ɗan kogon iska yake, kuma ana so ya zauna a wurinsa. Idan ajiyar za ta wuce kwana 4 ko 5, ki riƙa karkata su kullum, yau hagu gobe dama, don kada gwaiduwa ta manne da ɓawo. Kada ki sa su a firij, sanyinsa ya yi musu yawa. Tsofaffin da suka wuce mako ɗaya kuma a dafa wa yara, amfaninsu a can ya fi.

Ƙwai 17 sun fi ƙarfin kazar Hausa. Ƙaramar kaza ki ba ta 8 zuwa 10, babbar dakwalwa 12, kuma a hunturu ki rage biyu. Gwajin mai sauƙi ne: idan ta zauna ta daidaita, bai kamata ki hango ko ƙwai ɗaya yana leƙowa ta gefen fiffike ba. Mutane sukan ɗauka cewa idan ƙwai ya yi yawa na gefen ne kaɗai za su lalace, amma ba haka abin yake ba. Kaza tana juya ƙwanta sau da yawa a rana da baki da ƙafa, tana turo na gefe tsakiya tana fitar da na tsakiya gefe, saboda haka kowane ƙwai zai ɗanɗani sanyin gefen a lokacinsa, kuma ɓarnar ta shafi dukansu. Ɗan tsako yana buƙatar zafin da ya kusa digiri 37.5 ba yankewa mai tsawo, kuma kazar da jikinta ke kusan digiri 41 ba za ta iya isar da wannan zafi ga abin da fatarta ba ta kai gare shi ba. Ƙwai 10 da za su ba ki 'yan tsaki 8 sun fi 17 da suka ba ki 6.

Ki zuba mata ƙwan gaba ɗaya a dare ɗaya, ki rubuta ranar a bango ko a wayarki, kuma ki zagaye kowane ƙwai da layin fensir yadda za ki gane shi ta kowane gefe. Amfanin alamar shi ne duk ƙwan da kika gani babu ita, wata ce ta ƙara, sai ki cire shi a ranar. Dalilin tsananta wannan shi ne ƙwan kaza yana ɗaukar kwana 21, kuma uwar ba ta jira fiye da kwana ɗaya ko biyu bayan na farko sun fito, dole ta tashi ta nema musu abinci da ruwa. Ƙwan da aka ƙara a kwana na 5 ko na 8 yana da rai a cikinsa ranar da ta tashi, sai ya huce ya mutu. Waɗannan su ne 'yan tsakin da kika tarar ba su ƙarasa ba, kuma ina kyautata zaton da kin lura za ki ga girmansu ya bambanta.

Abin da ya fi shi ne a raba ta da sauran kajin tun farko. Ki nemi lungu mai duhu-duhu, mai iska, wanda rana ba ta bugunsa da azahar kuma ruwan sama ba ya kwarara zuwa gare shi. Sheƙar ta kasance a ƙasa, kada a ɗora ta a sama, domin danshin ƙasa yana taimakon ƙwai, kuma 'yan tsaki ba za su faɗo ba ranar da suka fito. Ki yi ɗan gurbi marar zurfi a ƙasa kamar kasko, yadda ƙwan zai gangaro tsakiya ba tare da ya hau kan juna ba, ki barbaɗa toka, ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai laushi ko ƙaiƙayi. Idan akurkin laka ne, a samu abin toshe ƙofarsa da dare, domin kaza mai kwanci ba ta gudu, kuma ɓera da gafiya da maciji da tunku da muzuru duk sun san da haka. Idan za ki canja mata wuri, ki yi shi da daddare lokacin da ba ta gani sosai, tare da ƙwan gwajin nan, ki rufe ta yini ɗaya, idan ta karɓi sabon wurin sannan ki musanya mata da na gaske. Wasu kajin sukan ƙi sabon wuri sam, irin waɗannan sai a bar su inda suka zaɓa a kifa musu babban kwando ko a kewaye su da raga.

Ƙuma da ƙwarƙwata da kaskar kaji suna cikin manyan dalilan da ke sa kaza ta bar ƙwai a mako na biyu. Tana zaune wuri ɗaya kwana da kwanaki, wasunsu kuma suna fitowa daga tsagar bango da dare suna shan jininta, har ki ga tukkunta ya yi fari ta rame, wani lokaci ma a wayi gari ta mutu a kan ƙwan. Kafin ta fara, ki buɗa gashin ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya ki duba, ki share wurin ki ƙone tsohuwar shimfiɗa, ki liƙe tsagogin bango. Ki tanadar mata toka gauraye da yashi a kusa inda za ta yi birgima idan ta fito. Busasshen ganyen darbejiya da iyayenmu ke sawa a sheƙa ba ya cutarwa, amma idan ƙwarin sun yi yawa ba zai wadatar ba, sai a nemi hodar kashe ƙwari ta kaji a shagon magungunan dabbobi a bi ƙa'idar da aka rubuta. Ina roƙonki kada ki fesa fiya-fiya a sheƙa ko a jikin kazar, guba ce mai ƙarfi da ke iya kashe uwar da abin da ke cikin ƙwan, kuma haɗari ce ga yaran gidan.

Kaza mai kwanci takan tashi sau ɗaya a rana, na minti 15 zuwa 30, ta ci ta sha ta yi kashi mai yawa mai wari ta yi birgima ta koma. Wannan fitar ba ta cutar da ƙwai, kuma a lokacin zafi tana iya daɗewa fiye da haka ba tare da matsala ba. Ki ajiye mata hatsi, gero ko dawa ko masara, da ɗan abincin kaji, da ruwa mai tsabta wanda ba ya yankewa, amma a ɗan nesa da sheƙar yadda sai ta tashi za ta kai gare su, don kada ta ɓata ƙwan da kashi kuma don kada abincin ya jawo ɓera da cinnaka. Idan kika ga kwana biyu ba ta motsa ba, ki ɗaga ta a hankali ki ajiye ta gaban ruwa, amma ki fara laluba ƙarƙashin fikafikanta, domin takan maƙale ƙwai a nan ya faɗo ya fashe. Idan ƙwai ya fashe a sheƙa, ki canja shimfiɗar nan take, ki goge waɗanda suka ɓaci.

Tsakanin kwana na 7 da na 10 ki haska ƙwan. Da daddare, a ɗaki mai duhu, ki ɗora kan ƙwan mai faɗi a bakin tocila ko fitilar waya, ki rufe gefe da hannu yadda hasken zai shiga cikinsa kaɗai. Ƙwai mai rai zai nuna jajayen jijiyoyi da suka bazu daga wani baƙin ɗigo, wani lokaci har ki ga ɗigon yana motsi. Wanda haske ya ratsa shi fes, ba komai sai inuwar gwaiduwa, ko dai zakara bai taka shi ba ko ya mutu tun da wuri. Wanda ya nuna jan zobe kewaye da cikinsa ba tare da jijiyoyi ba, ya fara girma ya mutu. Ki cire waɗannan biyun, wanda kike kokwanto a kansa kuma ki yi masa alama ki sake dubawa a kwana na 14, lokacin da mai rai ya cika fiye da rabin ƙwan da duhu. Cirewar tana da muhimmanci domin ruɓaɓɓen ƙwai yana tara iska ya fashe ya watsa ƙwayoyin cuta a kan lafiyayyu, kuma raguwar adadi tana ba uwar damar rufe sauran da kyau. Ana cewa idan mutum ya taɓa ƙwai kaza za ta ƙi shi, wannan ba gaskiya ba ne, abin da ke korar ta shi ne yawan damu da hayaniya. Ki wanke hannu, ki yi aikin cikin 'yan mintoci, kada ki girgiza ƙwai a kunne don jin ko yana da ruwa, domin girgizar tana tsinka jijiyoyin.

Ki lura kuma da kogon iskar nan yayin haskawa. Ƙwai yana rasa ruwa ta ɓawonsa a hankali, kimanin kashi 12 cikin 100 na nauyinsa zuwa kwana na 18, kuma kogon yana girma daidai da haka har ya kusa kashi ɗaya cikin uku na ƙwan. A damina wannan yana tafiya da kansa, abin tsoron a lokacin shi ne jiƙewar sheƙa. A hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska takan bushe ƙwarai, ƙwai ya rasa ruwa fiye da kima, siririyar fatar da ke cikin ɓawo ta bushe ta manne wa ɗan tsako ya kasa juyawa. Maganinsa shi ne a ɗan jiƙa ƙasar da ke kewaye da sheƙar a makon ƙarshe, ba a zuba ruwa a kan ƙwan ko a shimfiɗar ba.

Daga kwana na 18 ki janye hannunki gaba ɗaya. Uwar takan daina fita, ɗan tsako kuma yana shirya kansa: wajen kwana na 19 zuwa 20 yakan huda kogon iskar da baki ya fara numfashi, har ki ji kukansa daga cikin ƙwai uwar tana amsa masa. Daga nan ya huda ɓawo, sannan ya huta, kuma tsakanin hudar farko da fitowa ana iya ɗaukar awa 12 zuwa 24. A cikin wannan hutun ne yake janye sauran gwaiduwa zuwa cikinsa, jijiyoyin da ke jikin fatar ƙwan kuma su bushe. Wanda ya ɓare masa ɓawo don tausayi yakan tsinka jijiyoyin jini ya zuba, ko ya fito da shi cibiya a buɗe, kuma irin wannan ba safai yake rayuwa ba. Ɗaga uwar don leƙe ma yana fitar da ɗumi da danshin da ke ƙarƙashinta a lokacin da aka fi buƙatarsu. Gwaiduwar da ya janye tana riƙe shi kwana 2 zuwa 3 ba ci ba sha, saboda haka waɗanda suka riga fitowa ba za su cutu ba don sun jira 'yan'uwansu. Idan kwana na 23 ya yi akwai sauran ƙwai shiru, ki kwashe su, kuma ki daure ki fasa su a waje nesa da kaji ki duba, domin su ne za su gaya miki abin da za ki gyara: idan yawancinsu babu alamar jini, ki duba zakara da tsufan ƙwai, idan kuma cikakkun 'yan tsaki ne da suka kasa fita, ki duba bushewar iska da yawan ɗaga uwar.

Game da ƙwan zabi, ƙwarai kuwa za ki iya, kuma haka aka saba yi a ƙasar Hausa tun da daɗewa, domin zabuwa ba ta da haƙurin reno, takan ja 'ya'yanta cikin raɓa su mutu. Sai dai ƙwan zabi yana ɗaukar kwana 26 zuwa 28, saboda haka kada ki haɗa shi da na kaza a rana ɗaya. Abin da ya fi shi ne ki ba ta na zabi zalla, 12 zuwa 15 tunda ƙanana ne, idan kuma dole sai kin gauraya, ki fara sa na zabin, bayan mako ɗaya ki ƙara na kaza. Zabi sun fi saka ƙwai da damina, kuma idan saye za ki yi, ki saya a hannun mai kiwon da zai iya gaya miki ranar da aka tsince shi, domin na tasha da ya sha rana a kan faranti yawanci ya riga ya lalace. Ɓawonsa yana da kauri da ɗigo-ɗigo, saboda haka ki jira kwana na 10 kafin ki haska, da tocila mai ƙarfi. 'Yan zabi kuma sun fi 'yan tsaki saurin mutuwa da sanyi da jiƙa, kada a sake su da safe sai raɓa ta bushe. Ƙwan talotalo kwana 28 ne, na agwagwar da muka fi kiwo kuma kwana 35, wanda ya yi wa ƙaramar kaza tsawo, kuma ban ba ki shawarar ɗora mata shi ba.

Bayan ƙyanƙyasa akwai sauran aiki, domin a kiwon sake 'yan tsakin da ke mutuwa a makonnin farko sukan fi ƙwan da ya lalace yawa. Kada ki bar uwar ta fita yawo da su washegari. Ki tsare su tare a ƙarƙashin babban kwando ko keji mai raga na mako 4 zuwa 6, ana matsar da shi zuwa wuri mai tsabta da inuwa, nesa da shirwa da shaho da hankaka da kwatami. Ruwan shansu ya kasance a mazubi marar zurfi da aka zuba tsakuwa a ciki, domin ɗan tsako yana nutsewa a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba. Abincin farko na 'yan tsaki da ake sayarwa, mai furotin kashi 18 zuwa 20 cikin 100, shi ya fi, kuma uwar ma za ta iya cinsa. Kada a ba su abincin kaji masu saka ƙwai, domin sinadarin kalsiyam da ke cikinsa ya yi musu yawa yana lalata musu ƙoda. Idan babu halin saye, a barza masara ko gero a gauraya da garin ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji ko soyayyen waken soya da aka niƙa, a ƙara da gara da yankakken ɗanyen ganye. Dusa zalla ba ta rene ɗan tsako.

Rigakafin fakat, wato cutar kaji da ake kira Newcastle, kuma ba abin wasa ba ne, musamman da shigowar hunturu lokacin da cutar ke share garke a 'yan kwanaki. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana samar da rigakafin da ya fi jure zafi, wanda ake ɗiga wa kaza a ido, kuma an yi shi ne da kajin karkara a zuciya. Ki tuntuɓi malamin dabbobi na yankinku ya tsara miki lokacinsa da na cutar gumboro, a yi wa manya da ƙanana, a riƙa maimaitawa kamar yadda ya faɗa. Uwar takan yaye 'ya'yanta tsakanin mako 6 zuwa 8 ta koma saka ƙwai. Wasu sukan kwashe 'yan tsakin ranar da suka fito su sake zuba mata sabon ƙwai don ta yi kwanci biyu a jere, ni ban yarda da wannan ba, domin ta riga ta rame a kwana 21 na farko, kuma na biyun yakan kai ta ga mutuwa. Ki bar ta ta rene waɗanda ta fitar, ta ci ta mayar da jikinta, kwanci na gaba kuma ki ba wata daga cikin sauran 8.